Ƙofar Haske da Zurfin Saiti a Babbar Kyamara: Misali Daga Ƙofar Galadima, Zariya

1.0 Gabatarwa

Ginin ƙasa ba ya jiran mai nazari. Damina guda ta isa ta zubar da zanko, ko ta shafe adon da magini ya yi wa bango. Ganuwar Zazzau ta zaizaye a wurare da dama, Masallacin Juma'a kuwa, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu (1834-1846), an kewaye shi da sabon gini a shekarun 1970. Saboda haka ne awo da hotunan da masana irin su Z. R. Dmochowski suka bari suka zama abin dogaro. Amma hoto ba ya zama hujja sai abin da ke cikinsa ya fito sarai. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda faɗin ƙofar haske yake hukunta abin da zai fito da abin da zai dushe a babbar kyamara, tare da ɗaukar Ƙofar Galadima a matsayin misali.

2.0 Babbar Kyamara da Ƙofar Haskenta

Babbar kyamara ita ce wadda ake ɗora wa mazauni mai ƙafa uku, mai hoto ya lulluɓe kansa da baƙin mayafi yana duban siffa a kife a jikin gilashin baya. Tsakanin gilashin gaba da mazaunin fim akwai fata mai naɗewa kamar zugazugin maƙera. Fim ɗinta falle-falle ne, inci 4 da 5, ko 5 da 7, ko 8 da 10. Girman nan ne ya sa shirin adana bayanan gine-ginen tarihi na Amurka, wanda aka kafa a 1933, ya daɗe yana sharɗanta amfani da ita.

A cikin gilashin gaba akwai wata kafa mai buɗewa da tsukewa kamar ƙwayar ido, ita ce ƙofar haske. Tun a ƙarni na 11 Ibnul Haisam ya yi nazarin yadda faɗin huda yake sauya kaifin siffar da ke faɗawa cikin ɗaki mai duhu. Ana auna ƙofar da lambobi kamar haka: f/8, f/11, f/16, f/22, f/32, f/45, f/64. Ana samun lambar ne ta hanyar raba tsawon saitin gilashi da faɗin kafar. Wato gilashi mai milimita 150 yana da kafa ta kusan milimita 19 a f/8, da kusan milimita 7 a f/22. Ashe ke nan in lamba ta ƙaru kafa ta tsuke, kuma kowane mataki yana rage rabin haske.

3.0 Zurfin Saiti

A haƙiƙa gilashi ba ya saita komai sai abin da ke nisa guda. Duk ɗigon da ke gaba ko bayan wannan nisa yakan sauka a kan fim a matsayin ɗan da'ira. In da'irar ba ta wuce kimanin milimita 0.1 a fim mai inci 4 da 5 ba, ido yakan ɗauke ta ɗigo ce. Tazarar da wannan sharaɗi ya cika a cikinta ita ake kira zurfin saiti. Tsuke ƙofar haske yana sirantar da hasken da ke shiga, da'irorin su ƙanƙance, zurfin ya ƙaru.

Alal misali, a ƙaddara mai hoto ya tsaya daga wajen Ƙofar Galadima, yana son ƙasar da ke gabansa da ƙofar da gidajen da ake hangowa ta cikinta duk su fito. Da gilashi mai milimita 150, lissafi ya nuna cewa:

a f/8, in ya yi saiti a mita 28, abin da zai fito ya fara daga mita 14 har iyakar gani;
a f/22, in ya yi saiti a mita 10, ya fara daga mita 5;
a f/45, in ya yi saiti a mita 5, ya fara daga mita biyu da rabi.

Abin lura a nan shi ne, ƙaramar kyamara mai fim na milimita 35 da gilashi mai milimita 50 tana samun zurfin nan na biyu tun a f/8. Dalili kuwa, babban fim yana bukatar dogon gilashi kafin ya ɗauki fili iri ɗaya, dogon gilashi kuma zurfinsa kaɗan ne. Wannan ya sa su Ansel Adams da Edward Weston suka raɗa wa ƙungiyarsu ta 1932 a Kalifoniya suna f/64.

4.0 Iyakar Tsukewa

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Illa ta farko ita ce bazuwar haske. Haske yakan karkace in ya goga gefen ƙaramar kafa, har ɗigo ya baje, kamar yadda George Airy ya lissafa a 1835. Faɗin bajewar ya kai kimanin milimita 0.03 a f/22, da 0.06 a f/45, da 0.12 a f/90. A mataki na ƙarshe ya zarce ma'aunin da aka ambata a sama, wato hoton duka zai yi dishi-dishi, har a inda aka yi saitin. Sawun yatsun magini a jikin yaɓe, da layin tubali, da bakin azara, su ne farkon abin da zai ɓace, alhali su ne mai nazarin gini yake nema.

Illa ta biyu ita ce lokaci. Da rana tsaka, fim mai ƙarfin 100 yana bukatar kusan 1/125 na daƙiƙa a f/16, amma 1/15 a f/45. Ƙofar gari kuwa hanya ce. Mai keke da mai talla duk za su fito kamar inuwa.

5.0 Karkata Gilashi

Babbar kyamara tana da mafitar da mafi yawan ƙananan ba su da ita. Da yake zugazugin yana lanƙwasa, ana iya karkata gilashin gaba. Ƙa'idar da ake jingina wa Theodor Scheimpflug na Ostiriya, wanda ya yi mata rajista a 1904, ta nuna cewa in shimfiɗar fim da ta gilashi da ta abin ɗauka suka haɗu a layi guda, to abin zai fito sarai tun daga farkonsa har ƙarshensa. Don haka mai son ɗaukar bango da ya miƙe daga gefen ƙofar zuwa nesa sai ya juya gilashin kaɗan wajen bangon, ya tsaya a f/22. Amma dabarar ba ta wadatar da abu mai lungu da saƙo kamar cikin zaure, inda bakan gizo da bango da daɓe kowanne yake fuskantar gefensa. A nan dole a koma ga tsukewa.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa ƙofar haske ba ma'aunin haske kaɗai ba ce, ita ke zaɓen abin da hoto zai shaida. Ga fim mai inci 4 da 5, tsakanin f/22 da f/32 ne galibi zurfi da kaifi suke daidaituwa. Ya kamata mai nazarin da ke karanta tsohon hoton gini ya tuna cewa bangon da ya gani sumul ba lalle ne ya rasa ado ba, mai yiwuwa saiti ne bai kai gare shi ba. Haka kuma ya dace duk wanda zai ɗauki Ƙofar Galadima ko wata ƙofa ta birnin Zariya domin ajiya ya rubuta lambar ƙofar haske, da tsawon gilashi, da nisan da ya tsaya, ya haɗa su da hoton, domin na baya su san iyakar abin da za su iya kafa hujja da shi.