Dogon Yaro da Tafarnuwa: Rigakafin Fumfunar Shuka a Bayan Gida

Uwargida, kin taɓa wayar gari kika ga ganyen albasarki ya yi tabo mai launin shunayya, ko na tumatir ya yi ɗigo-ɗigo baƙi yana bushewa daga ƙasa? Ba kambun baka ba ne. Fumfuna ce, dangin wadda ke kama tuwon da ya kwana biyu a rufe.

Manoman fadamar Kogin Rima, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, sun san ta sarai, haka ma masu noman albasa na Aliero. Laima take so: raɓar asuba, ruwan da ya kwana a kan ganye, da shukar da aka cunkushe ba ta shan iska.

Maganin feshi na kanti yana aiki, amma ga tsada, kuma ajiye kwalbarsa a gidan da yaro ke rarrafe hatsari ne. Ga ɗan lambun bayan gida, akwai mafita a kusa. Tafarnuwa idan an daka ta tana fitar da sinadarin alisin, mai hana fumfuna yaɗuwa. Ganyen dogon yaro, wato darbejiya, shi ma yana rage mata ƙarfi, ya kuma hana ƙwari cin ganye.

Ki daka ɗanyen ganyen kilo 1 da tafarnuwa dunƙule 2, ki jiƙa a ruwa lita 5 ya kwana. Ki tace da ƙyalle, ki narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye. Ki fara gwadawa a shuka ɗaya, kada ya ƙona sauran. Da yamma ake fesawa, saman ganye da ƙarƙashinsa, domin rana na kashe ƙarfinsa. Ki maimaita duk mako, kuma kada ki zuba shi a gorar ruwan sha.

Sai dai wannan rigakafi ne, ba ya tayar da ganyen da ya riga ya lalace. Irin wannan ki tsinke shi ki ƙona, ban ruwa kuma a gindi, ba bisa ganye ba. Idan cutar ta mamaye gona, a nemi malamin gona.

Haka gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a buhu: babu ganyen da zai gyara ta. Gubarta na lahanta hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Kada ki dama wa yara kunu da ita, komai ƙyashin asarar.