Tabon Da Kan Biyo Bayan Aikin Ido

A hutun da ya wuce na raka kawuna asibitin ido domin in yi masa tafinta, don likitar ba ta jin Hausa, shi kuma ba ya jin Turanci. An yi masa aiki a idon hagu har ya fara gani, sai bayan kamar mako shida duhun ya dawo. Kawu ya ce mini, "Ɗan nan, gaya mata aikinta ne bai yi kyau ba." Ban isar da wannan saƙo ba. Bayanin da ta yi mana shi ya sa na koma na yi karatu a kan lamarin, har nake son in gwada faɗarsa da Hausa.

Da farko, kada mai karatu ya ɗauka yanar ido ake nufi, wannan daban take. A can bayan ido akwai wani tantani da ake kira retina, wanda kaurinsa bai kai rabin milimita ba, shi ne ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. A ƙarƙashinsa akwai ƙwayoyin halitta masu duhun launi, a jere kamar saƙar zuma, suna ciyar da shi. Idan tantanin ya yage, sai ruwa ya shiga ta ƙasa ya ɗaga shi, kamar yadda laima kan ɓamɓare fenti daga bango. Tun a shekarun 1920 wani likitan ƙasar Suwizalan, Jules Gonin, ya nuna cewa toshe yagewar shi ne magani. A yau da hasken leza ko tsananin sanyi ake liƙe wurin, sannan a sa iska ko man silikon ya danne tantanin har ya kama.

To, ina matsalar take? Waɗancan ƙwayoyi masu duhu, muddin suna jere a mazauninsu, ba sa yawo, ba sa yaɗuwa. Amma da ƙofa ta buɗe sai wasu su sulale su faɗa cikin ruwan nan mai kauri da ya cika ido, su sauka a kan retina. Jini da kumburi kuwa sun riga sun kawo wani sinadari mai danƙo, fibronektin, ya shafe wurin. Su kuma ƙwayoyin suna da wasu 'yan ƙugiyoyi a jikinsu, integirin, da su suke cafke wannan danƙo. Da sun sami marika sai su sake kama: launinsu ya dishe, su miƙe su yi tsawo, su hayayyafa, su shiga saƙa zaren kolajin tamkar ƙwayoyin da ke haɗe rauni a fata. Wasu ƙwayoyi na cikin retinar kanta ma sukan shigo aikin.

A nan abin ya fi ba ni mamaki. Duk wanda ya taɓa yankewa ya ga yadda tabo ke janyo bakin rauni ya haɗe. A fata wannan alheri ne. A kan retina kuwa, jan nan tattare ta yake yi kamar an ja zariyar wando, ta yamutse, ta sake ɗagowa. Ke nan ido ƙoƙarin warkewa yake yi, sai dai a inda bai dace ba.

A 1983 ne ƙungiyar likitocin retina ta Amurka ta raɗa wa wannan lalura sunan da ake taƙaitawa da PVR. Takan sami mutum 5 zuwa 10 cikin 100 na masu irin wannan yagewa, kuma ita ce babbar sanadin lalacewar aikin. Faɗin yagewa, da zubar jini cikin ido, da jinkirin zuwa asibiti duk suna ƙara haɗarin. Kawu ya yi kusan wata yana ganin walƙiya da baƙaƙen ɗigo yana sa kwalli, kafin ya faɗa wa kowa.

Ana gwada magunguna irin su metotireset domin hana ƙwayoyin yaɗuwa, amma abin dogaro shi ne a sake aiki, likita ya sa ɗan ƙaramin hantsaki ya ɓare tabon a hankali. Haka aka yi wa Kawu, aka cika idon da man silikon. Yanzu yana gane fuskar mai shigowa zaure, amma karatu sai da idon dama.