"Da sauƙi" ba ta isa amsa ba tsakanin masu sikila

Ko mutum na birgima don ciwo, in ka ce masa "ya jiki?", amsar ɗaya ce: "Da sauƙi." Tarbiyya ce mai kyau wajen gaisuwa. Amma a inda masu sikila da iyayensu ke haɗuwa don taimakon juna, ko a bencin jiran likita ko a zaurukan WhatsApp, wannan kawaicin yana iya ja wa wani asara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Masu wannan lalura ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila a Najeriya duk shekara. Uwar da aka faɗa wa yau cewa ɗanta SS ne, likita zai ba ta 'yan mintoci, sauran karatun kuwa a bakin iyaye irinta za ta yi shi. Abin da suka faɗa mata shi za ta ɗauka.

To, me ake faɗa mata? Sau da yawa rabin labari. Wata za ta ce ta ba ɗanta wani jiƙo, wata uku bai kwanta ba. Da ciwon ya dawo a wata na huɗu aka ƙara masa jini, sai ta yi shiru don kunya, alhali mutum goma sun riga sun saya. Sikila dama haka take, tana lafawa ta taso, musamman da hunturu ko in zazzaɓin cizon sauro ya kama. Babu sassaƙen da ke mayar da SS ya koma AA. Dashen ɓargo yana warkarwa, an ma fara yin sa a Najeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, sai dai tsadarsa da haɗarinsa ba wasa ba ne. Mai cewa ya warke sarai kuma ga lambar mai magani, a tambaye shi takardar gwaji.

Akwai kuma abubuwan da ake jin nauyin ambata, kuma su suka fi bukatar a faɗa. Fitsarin kwance ga yaron da ya girma. Gyambon ƙafa. Miƙewar gaba mai zafi ga samari, wadda in ta kai awa huɗu dole a garzaya asibiti, don jinkiri na iya kashe mazakuta. Yara nawa ne suka kwana da ita suna tsoron a ce iskanci ne? Ga allurar pentazocine da wasu suka fara don raɗaɗi har jiki ya saba. Wanda ya fito ya ce "ni ma ta kama ni, ga yadda na nemi taimako" ya fi mai wa'azi amfani.

Sai dai labarinka naka ne. Ƙwayar hydroxyurea tana rage yawan tashin ciwo, amma gwargwadon nauyin jiki ake ba da ita, ana kuma bin ta da gwajin jini. Faɗi yadda ta yi maka, daɗi da wuya, ka bar wa likita maganar ƙwaya nawa. Hoton ɗan wani a gadon asibiti kuwa, kada a tura shi gaba sai iyayensa sun yarda.