Allon Gilashi Ko Littafi: Wanne Ya Kamata Ya Fara Isa Hannun Ɗan Ƙauye?

Duk wanda ya bar Kano ta hanyar Katsina, ya wuce Dawanau ya nufi Bichi da Tsanyawa, ko ya ɗauki ta Ɗambatta, ya san ƙasar nan ba ta da sauran daji. Gona na jikin gona, ƙauye na hango ƙauye, gawo da ɗorawa da kuka na tsaye a tsakiyar gero da dawa. Tun shekarun 1960 masani Michael Mortimore ya yi ta nazarin yadda manoman kewayen Kano ke noma fili ɗaya shekara da shekaru ba hutu, suna ciyar da shi da taki, ba tare da ƙasar ta mutu ba. Inda jama'a suka yi yawa haka, yara ma sai sun yi yawa. Shi ya sa ajin firamare a wannan yanki kan cika ya batse, wasu a benci, wasu a ƙasa, ga malami ɗaya da guntun alli a hannu.

A cikin irin wannan aji ya kamata a tsaya a yi muhawarar da ake ta yi a otal-otal da ɗakunan taro: shin a ci gaba da buga littattafai, ko a raba wa yara kwamfutar hannu, wato allon gilashin nan da ake shafawa da yatsa?

Masu goyon bayan na'ura ba su rasa hujja ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma a 2024 WAEC ta fara gwada haka ga masu zana jarrabawa daga waje. Yaron Makoɗa ko Kunci da bai taɓa danna madanni ba sai ranar jarrabawa, an riga an ci shi rabin wasa. Ga tsadar takarda: masana'antun Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe da durƙushewa, mafi yawan takardar da ake bugu da ita daga waje take zuwa, don haka duk faɗuwar naira sai ta bayyana a farashin littafi. Na'ura ɗaya kuwa tana ɗauke da littattafan shekara shida, tana magana, tana nuna hoto mai motsi. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da kamfanin Microsoft suka ƙaddamar da manhajar Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da darussa kyauta, ciki har da na Hausa.

To amma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ba mu ne farkon masu wannan mafarki ba. A 2007 aka raba wa yaran firamaren Galadima da ke kusa da Abuja ƙananan kwamfutoci masu launin kore da fari, a ƙarƙashin shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro wanda Nicholas Negroponte ya kafa a Amurka. Ƙasar Peru ta rungumi shirin hannu bibbiyu, ta sayi dubban ɗaruruwa. Da masanan Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka suka bibiyi makarantun karkara 319 a can, rahotonsu na 2012 ya nuna yara sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu na lissafi da harshe bai ɗaga ba. A gida Najeriya, Gwamna Rauf Aregbesola na Osun ya ƙaddamar da shirin kwamfutar hannu na Opon Imo a 2013, da burin raba wa ɗaliban babbar sakandare guda 150,000; yau ba a cika jin ɗuriyarsa ba. Kenya ta yi wa 'yan aji ɗaya alkawarin kwamfuta a 2013, ta koma raba kwamfutar hannu a 2016, daga baya ta karkata ga gina ɗakunan kwamfuta a makarantu. Hatta Suwidin, inda wuta ba ta ƙiftawa, ministar makarantunta Lotta Edholm ta sanar a 2023 cewa za a zuba kuɗi a dawo da littafin takarda ajujuwa. Kafin nan, a 2018, masana a Jami'ar Valencia ta Sifaniya sun tattara binciken da ya shafi mutum sama da 170,000, suka gano cewa rubutun bayani ya fi zama a ƙwaƙwalwa idan a takarda aka karanta shi.

Mu dawo gida mu bi na'urar nan daga ranar da aka yi bikin raba ta. Kwana ɗaya ko biyu caji ya ƙare. Makarantar ba ta da wuta, gidan yaron ma haka. Sai a kai wa mai caji a bakin kasuwa, inda wayoyi ke jere a kan katako kowace da lambarta, janareta na ruri a gefe, kuma kullum sai an biya. Uban da ke lissafin kuɗin taki da na cefane zai biya sau nawa? Hunturu ya zo ƙura ta shige kowace kafa. Bazara ta zo zafi ya haura digiri 40, batir ya kumbura. Rannan ƙanen yaron ya fizga, ta faɗi a daɓe, gilashi ya tsage. Mai gyaran kirki sai an shiga birni, Farm Centre ko titin Beirut, kuɗin mota da na gilashi sun isa sayen littattafan zango guda. Shugaban makaranta da ya san shi za a tuhuma idan ta ɓace ko ta lalace, dabararsa ɗaya ce: ya tattara su ya kulle a ofis, a fito da su ranar da baƙi za su zo.

Littafi fa? Shi ba ya neman caji, ba ya neman data. Yaya ya gama ya miƙa wa ƙane, an naɗe bangon da takardar siminti ko tsohuwar kalanda, sunaye uku a shafin farko, an soke biyu. Yarinyar da ta dawo daga talla za ta iya buɗe shi da tocila bayan isha'i. In ya yage, allura da zare sun wadatar.

Sai dai kada mu yi tuya mu manta da albasa. Shi ma littafi yana da maƙiya: gara, ɗigon rufi, da kabad ɗin ofishin shugaban makaranta. Binciken Bankin Duniya a Saliyo ya gano cewa littattafan da aka raba wa makarantu da yawa an adana su ne maimakon a ba yara, saboda shugabanni ba su da tabbacin za a sake kawo wasu. Wani bincike da Michael Kremer da abokansa suka wallafa a 2009 kan karkarar yammacin Kenya ya nuna littattafan da aka raba ba su amfani kowa ba sai zaratan aji, domin da Turanci aka rubuta su, yawancin yaran kuwa ba sa iya karantawa. Ashe ba kowane littafi ba ne magani. Wanda zai yi aiki a Tofa ko Shanono shi ne wanda aka rubuta da harshen da yaro ke mafarki da shi.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Tun shekarun 1930 Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East ta gane haka, har Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce don 'yan makaranta. Iyayenmu da yawa da Ka Koyi Karatu suka buɗe ido. A baya-bayan nan shirin RANA a Katsina da Zamfara, da littattafan Mu Karanta a Sakkwato da Bauchi, duk kan wannan turba suka bi. A nan Kano ma, a 2019 hukumar SUBEB da British Council da TaRL Africa suka gwada shirin KaLMA a Dawakin Tofa da Wudil, inda ake raba 'yan aji huɗu zuwa shida gwargwadon abin da kowa ya iya, a koya musu karatu da lissafi daga tushe. Da korona ta rufe makarantu a 2020, abin da aka isa ga yaran da shi rediyo ne da saƙon ƙaramar waya da takardun aiki. Fasahar da ke cikin gida ita ta yi rana.

Kakanninmu ma sun bar mana ma'auni. Allon makarantar allo, ai shi ma na'urar hannu ce: a rubuta, a haddace, a wanke, a sake rubutawa. Ya yi ɗaruruwan shekaru yana aiki saboda abu uku. Kowane almajiri da nasa, yana kwana da shi. Masassaƙin gari ne ke yin sa, tawada kuma a gida ake dafa ta. Sannan akwai malam zaune yana biya wa yaro, yana gyara masa kuskure. Duk abin da za a kawo aji, a auna shi da waɗannan ukun. A yau littafin Hausa ya ci biyu, yana jiran na uku. Allon gilashi kuwa, a ƙauyukanmu, bai ci ko ɗaya ba tukuna.

Ba ana nufin a yi wa na'ura korar kare ba. A sa ta inda za ta yi amfani. A Kisumu ta Kenya an gwada hanya uku: na'urar karatu ga kowane yaro, kwamfutar hannu ga malami, ko kwamfutar hannu ga jami'in da ke zagayawa yana horar da malamai, alhali duk yaran na da littafi. Duka ukun sun ci gaba, amma ta ukun ta fi arha nesa ba kusa ba. Jihar Edo ma, da shirinta na EdoBEST a 2018, hannun malamai ta sa na'urar. Don haka a firamare, kwamfutar hannu ta malami ce da mai duba makarantu. A sakandare kuwa a gina ɗakin kwamfuta mai sola, da mai kula da shi, yadda ɗan Bichi zai saba da madanni tun kafin ranar JAMB.

A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Jihar Kano. Kira ga masu riƙe da wannan aiki, da kwamitocin makarantu, da iyaye: duk wanda ya zo da maganar raba na'ura, a fara tambayarsa yara nawa ne ke kan littafi ɗaya a aji biyu, kuma littafin yana kwana a jakar yaro ko a kabad. A gyara rufi, a kawo malami, a ba kowane yaro littafin karatu da na lissafi da Hausa, a bar shi ya tafi da su gida. Yaron da ya iya karatu a takarda, mako guda ya ishe shi ya saba da gilashi. Wanda bai iya ba, ko an ba shi na'urar miliyan, hotuna kawai zai kalla.