Haukan kare da ba ya zuwa da hauka

A ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, inda mafarauta da makiyaya ba sa rabuwa da karnuka, kowa ya san mahaukacin kare in ya gan shi. Abin da ke ɓoye shi ne yadda cutar ke bayyana a jikin mutum, galibi bayan wata 2 ko 3, lokacin da miki ya warke har an manta da cizon.

Ƙwayar cutar tana bin jijiya ne sannu a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa, shi ya sa cizon fuska ko wuya ya fi saurin illa. Takan fara da ƙaiƙayi ko raɗaɗi a kan tsohon tabon. Sai maƙogwaro ya riƙa shaƙewa da an miƙo ruwa, iskar mafici ma ta firgita majinyaci. Ya yi fizge-fizge, can ya dawo hayyacinsa ya gane kowa. A nan ne ake cewa aljanu ne, a nufi wajen mai ruƙiyya.

Irin cutar da ta fi ba ni tsoro ita ce mai zuwa shiru. Kusan mutum 1 cikin 5 ba ya hauka ko kaɗan. Ƙafa ko hannun da aka ciza ne ke mutuwa, shanyewar ta bi jiki, a ɗauka shan inna ne. Likitoci ma kan ruɗe. Wani bincike da aka buga a 2007 a kan yaran Malawi ya gano cewa 3 daga cikin 26 da aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa suka rasu, haukan kare ne ya kashe su.

Gwajin jini na yau da kullum ba ya nuna cutar. A majinyaci sai an auna miyau, fatar ƙeya da ruwan laka. Hujja mafi ƙarfi tana cikin ƙwaƙwalwar karen, irin gwajin da ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom. Amma mu da an kashe kare sai a jefar a daji.

Da zarar alamu sun fito, da wuya a tsira. Don haka kada a jira su. A wanke cizo ko yagushi da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya asibiti a ranar don allurar rigakafi, a sanar da likitan dabbobi. Ma'aikacin lafiya kuma, duk yaron da aka kawo maka da shanyewa ko ruɗewa, ka tambayi iyayensa ko kare ya taɓa cizonsa.