Katin hoto na kwamfuta don kwaikwayon tuƙin jirgin sama

Katin hoto wani ɓangare ne na kwamfuta wanda aikinsa shi ne lissafa da zana duk abin da ake gani a allo. A jikinsa akwai ƙwaƙwalwar zane da ake kira GPU, da ma'ajiyarsa ta kansa da ake kira VRAM, da fanka mai sanyaya shi. Manhajojin kwaikwayon tuƙin jirgin sama suna cikin waɗanda suka fi wahalar da katin hoto, domin a lokaci guda suna zana ƙasa mai faɗin gaske, da gajimare, da gine-gine, da agogunan da ke gaban matuƙi. A kwamfutar da aka haɗa don wannan aiki, sau da yawa katin shi ne ya fi kowane ɓangare tsada, don haka kuskure wajen zaɓensa asara ce babba.

Tarihi

A shekarar 1929 Edwin Link ya ƙera na'urar koyon tuƙin jirgi a Amurka, wadda aka horar da matuƙa masu yawa da ita a Yaƙin Duniya na Biyu. Kwaikwayon ya shigo kwamfutar gida ta hannun Bruce Artwick da kamfanin subLOGIC, sannan Microsoft ya fitar da Flight Simulator na farko a 1982. X-Plane na Austin Meyer ya fito a 1995, FlightGear kuma, wanda kyauta ake sauke shi, ya fito a 1997.

A ɓangaren katin, kamfanin 3dfx ya fitar da Voodoo a 1996, Nvidia ya biyo da GeForce 256 a 1999, wanda ya tallata a matsayin GPU na farko. AMD ya sayi kamfanin ATI a 2006, ya gaji katunan Radeon. Intel ya shigo kasuwar da katunan Arc a 2022.

A Najeriya, Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana amfani da na'urorin kwaikwayo wajen horar da ɗalibai. Waɗannan sun bambanta da na gida, domin awannin da mutum ya yi a kwamfutar ɗakinsa ba a lissafa su wajen ba da lasisin tuƙi. Amfaninsu shi ne sabo da agogunan jirgi, da karanta taswira, da bin matakan tashi da sauka.

Abin da manhajojin suke buƙata

Kowace manhaja tana bayyana mafi ƙarancin kayan da za ta yi aiki da su, da kuma waɗanda ake ba da shawara a yi amfani da su.

Microsoft Flight Simulator na 2020, wanda kamfanin Asobo na Faransa ya haɗa, yana karɓar GTX 770 ko RX 570 a matakin ƙasa, tare da RAM gigabait 8. Shawarar kamfanin ita ce GTX 970 ko RX 590 da RAM gigabait 16. Yana neman wurin ajiya gigabait 150.

Na 2024, wanda ya fito ranar 19 ga Nuwamba, ya ɗaga matakin. Mafi ƙaranci shi ne GTX 970 ko RX 5700 da RAM gigabait 16, shawara kuma RTX 2080 ko RX 5700 XT da RAM gigabait 32. Yawancin ƙasar da ake gani a cikinsa daga intanet ake jawo ta yayin tafiya, shi ya sa yake neman saurin megabit 10 a daƙiƙa aƙalla, ana kuma ba da shawarar 50.

X-Plane 12, na Disambar 2022, yana tashi da kati mai VRAM gigabait 2, amma masu shi suna ba da shawarar 8. Ana ajiye taswirorinsa a cikin kwamfuta, don haka ana iya tuƙi ba tare da intanet ba. FlightGear shi ne ya fi sauƙi, yana aiki da tsofaffin katuna.

Mafi ƙaranci yana nufin manhajar za ta buɗe ne kawai. Wanda ya sayi kati a wannan mataki zai rage ingancin hoto sosai kafin ya samu tafiya mai santsi.

Abubuwan da ake dubawa

Na farko shi ne girman VRAM. A nan ake ajiye hotunan ƙasa da na jikin jirgi kafin a zana su. Idan ta cika, katin yana komawa ga RAM na kwamfuta, wanda ya fi nisa kuma ya fi jinkiri, sai hoton ya riƙa tsayawa yana ci gaba, musamman lokacin sauka a babban filin jirgi. Gigabait 4 ta yi kaɗan ga sababbin manhajoji, 8 tana isa ga allo matsakaici, 12 kuma tana ba da sarari.

Na biyu shi ne allon da za a haɗa. Allo mai 1920 sau 1080 yana da ɗigon haske 2,073,600. Mai 2560 sau 1440 yana da 3,686,400, mai 3840 sau 2160 kuma yana da 8,294,400, wato ninki huɗu na na farko. Kowane ɗigo sai katin ya lissafa shi, saboda haka kati mai araha allon 1080 ne daidai da shi.

Na uku shi ne yawan hotunan da ake zanawa a daƙiƙa. Wasannin harbi da tsere suna son 60 ko fiye, amma jirgin sama motsinsa a hankali yake, hotuna 30 masu ɗorewa suna wadatarwa. Wannan ne ya sa mai kwaikwayon tuƙi ba lallai ne ya sayi kati mafi tsada ba.

Na huɗu shi ne furosesa. Lissafin iska, da na'urorin cikin jirgi, da sauran jiragen da ke sama, duk a kanta suke. Idan furosesa ta tsufa, katin zai zauna yana jiranta, kuɗin da aka ƙara a kansa ya tafi a banza. Ana gane haka ta hanyar rage ingancin hoto: idan saurin bai ƙaru ba, matsalar ba ta katin ba ce.

Akwai kuma fasahar da ke zana hoto ƙarami sannan ta faɗaɗa shi. DLSS ta Nvidia tana aiki da katunan RTX kaɗai, FSR ta AMD kuma tana aiki da katunan kamfanoni daban-daban.

Wasu katuna masu sauƙin kuɗi

Farashin da ke nan na lokacin da katin ya fito ne, da dalar Amurka. Farashin naira yana bin canjin kuɗi da yanayin katin.

- RX 580, 2017: gigabait 8, wat 185, dala 229. Yana da araha a hannu, amma yana shan wuta kuma yana zafi.
- GTX 1650, 2019: gigabait 4, wat 75, dala 149. Ya dace da FlightGear da X-Plane 11.
- GTX 1660 Super, 2019: gigabait 6, wat 125, dala 229.
- RTX 3060, 2021: gigabait 12, wat 170, dala 329.
- RX 6600, 2021: gigabait 8, wat 132, dala 329.
- RX 7600, 2023: gigabait 8, wat 165, dala 269.
- RTX 4060, 2023: gigabait 8, wat 115, dala 299.
- Arc B580, 2024: gigabait 12, wat 190, dala 249. Yana buƙatar kwamfuta ta zamani kafin ya ba da cikakken ƙarfinsa.

Ga allon 1080, RX 6600 da RTX 3060 da RTX 4060 suna cikin waɗanda suka fi daidaita kuɗi da aiki. RTX 3060 ya fi su ma'ajiya, RTX 4060 kuma ya fi su ƙarancin shan wuta.

Dacewa da kwamfuta

Ana soka katin ne a ramin PCI Express mai tsawo da ke jikin babban allon kwamfuta. Kafin saye ana auna tsawon akwatin da faɗinsa, domin ƙananan kwamfutocin ofis da ake sayarwa na hannu sirara ne, gajeren kati kawai suke ɗauka. Na'urar rarraba wutarsu ma ƙarama ce, kuma galibi ba ta da wayar da ake jona wa kati. Ramin shi kaɗai wat 75 yake bayarwa, don haka irin waɗannan kwamfutoci sai kati kamar GTX 1650 marar buƙatar waya, ko RTX 3050 mai gigabait 6. Sauran katunan suna son na'urar rarraba wuta mai wat 450 zuwa 600, da waya mai baki 6 ko 8. A yawancin laftof kuwa GPU a manne yake, ba a canza shi.

Yanayin arewacin Jigawa

A ƙananan hukumomin masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, akwai abubuwa uku da ke sauya lissafin.

Zafi: a watannin Afrilu da Mayu zafin rana yana wuce digiri 40. Kati yana rage gudunsa da kansa idan ya kai wajen digiri 80 zuwa 90 don kada ya lalace. Kati mai fanka biyu da ƙarancin shan wuta ya fi jure ɗakin da babu na'urar sanyaya iska.

Ƙura: iskar hunturu tana cusa ƙura a tsakanin ƙarafan sanyaya kati, ta toshe hanyar iska. Ana ɗora kwamfutar a kan tebur, ana rufe ta idan an kashe, ana kuma hure ƙurar a kai a kai.

Wuta: kamfanin KEDCO ne ke rarraba lantarki a Jigawa da Kano da Katsina, gidaje da yawa kuma suna haɗawa da sola ko janareta. Kwamfutar da ke shan wat 300 tana cin wat-awa 900 a awa uku. Batir mai bolt 12 da amp-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma idan na dalma ne rabinsa ake so a ci don ya daɗe. Bambancin wat 70 da ke tsakanin RX 580 da RTX 4060 ya zama wat-awa 210 a zama ɗaya na awa uku. Ana kuma buƙatar sitabilaiza ko UPS saboda hawa da saukar wuta.

Wurin da ake tuƙi a cikin manhajar shi ma yana da tasiri. Biranen da aka zana gini bayan gini, kamar Landan da New York, su ne suka fi cika VRAM. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano, mai lambar DNKN, da Dutse ko Damagaram, ba ta da nauyi haka, don haka kati matsakaici yana zana ta cikin sauƙi. Inda intanet ba ta da ƙarfi ko data take da tsada, X-Plane da FlightGear sun fi dacewa da Flight Simulator na 2024.

Sayen kati na hannu

Masu saye daga wannan yanki galibi Kano suke zuwa, inda ake samun kayan kwamfuta a titin Beirut da kasuwar Farm Centre, ko su yi oda ta intanet. Bayan 15 ga Satumbar 2022, lokacin da Ethereum ya daina dogara da haƙa ta katin hoto, katunan da suka yi aiki dare da rana sun cika kasuwannin duniya. Da yawansu suna aiki lafiya, amma fankarsu da man sanyaya su kan gaji.

Akwai kuma jabu, inda ake sauya wa tsohon kati kamar GTS 450 suna ya riƙa nuna GTX 1050 Ti. Haka nan RX 580 mai alamar 2048SP ƙarfinsa kusan na RX 570 ne. Manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, tana nuna ainihin ƙwaƙwalwar katin da girman ma'ajiyarsa. Ana gwada katin a gaban mai sayarwa na kimanin minti ashirin da wasa mai nauyi, ana lura da zafinsa, da ƙarar fanka, da ko layuka ko ɗigo masu launi suna fitowa a allo. Ana kuma karɓar rasit mai ɗauke da lambar katin da yawan kwanakin da za a iya mayar da shi idan ya nuna matsala.