Jikan Sarauniya da Ya Rasa Gida Biyu

A Ingila aka haifi Charles Edward a 1884, jikan Sarauniya Victoria ne. Yana ɗan shekara 16 aka naɗa shi sarkin Saxe-Coburg da Gotha a Jamus, yaron da ya tashi da Ingilishi a bakinsa. Da yaƙi ya ɓarke a 1914, sai ya bi Jamus. Juyin juya halin 1918 ya tuɓe masa rawani, Ingila kuma ta ƙwace sarautarsa ta can a 1919. Masarautar kanta ta rabu, a 1920 Coburg ta koma Bavaria, Gotha ta shiga Thuringia.

Har nan, mai karatu, ana iya tausaya masa. Amma shigarsa jam'iyyar Hitler a 1933, wannan da ƙafarsa ya je. Amurkawa suka tsare shi a 1945. Ya rasu a Coburg a 1954.